Tsohuwar da Ke Gasa Gurasar Jibi

Har yau in na tuna ranar da na fara ganin Inna Afiniki a Gashuwa raina ɓaci yake yi, kuma rabin ɓacin ran da kaina nake yin sa.

Sati uku ke nan da aka maido ni aikin koyarwa daga Nguru, sai Maman Ƙauna, shugabar matan zumunta ta cocinmu, ta aike ni gidanta in ɗauko tiren kofuna. Ranar Asabar ce, washegari Lahadin farko ta wata, ranar da muke cin Jibin Ubangiji: ɗan gutsuren gurasa da kurɓi ɗaya na zoɓo a ƙaramin kofi, don tunawa da mutuwar Yesu. Mijinta, Dattijo Habila, shi ne babba cikin dattawan ikkilisiya, shi ke riƙe tire yana bin mutane benci-benci. Ita kuma ita ke da hidimar gasa gurasar da wanke kofunan, kuma duk wata sai an miƙe a gaban jama'a an yaba hannunta.

Na yi sallama, ba kowa a tsakar gida, sai na bi ƙamshin gurasa har bayan kicin. A can na tarar da wata rumfar kwano. Gefe guda buhunan dusa ne daga injin casar shinkafar Dattijo, ɗaya gefen tabarma da tsohon akwati. A bakin rumfar wata tsohuwa na zaune gaban murhu, tana juya gurasa a kasko da hannun da yatsunsa uku suka gutsure. Tun kafin ta ɗago na gane hannun. Duk wanda ya tashi a cocinmu na Nguru ya san shi, don da shi ta riƙa tafa mana waƙa muna yara, da shi kuma ta riƙa ja mana kunne.

"Inna?" na ce.

"Wace ce? Matso, idon ya yi sanyi."

"Lai'atu ce, 'yar Bitrus na tashar jirgi."

Ta yi dariya har da hawaye, ta jawo ni jikinta. Sai kuma ta waiga wajen kicin, ta rage murya. "Yi a hankali, 'yata. A gidan nan ba Inna ba ce. Tsohuwa suke ce mini."

Inna Afiniki ita ta haifi Habila. Ta yi kuturta tun tana budurwa, aka yi mata magani a asibitin mishan ta warke, shekara hamsin ke nan ko fiye, sai dai abin da ciwon ya ci bai dawo ba. A Nguru babu wanda ya damu da wannan, a kwano ɗaya muke ci da ita. Damina biyu da suka wuce ruwa ya rushe ɗakinta, Habila ya zo da a-kori-kura ya kwashe ta da kayanta, mutane suna ta sa masa albarka. Amma shi tun yana ɗan makaranta ya bar Nguru, a Gashuwa babu wanda ya san gidansu. Da ya iso da ita sai ya gaya wa mutane wata tsohuwa ce marar kowa, suna taimakonta saboda Allah. Ita ke gasa gurasar da muke ci, ita ke tace zoɓon, ita ke wanke kofuna ɗari da ashirin ɗaya bayan ɗaya. Shekara biyu ba ta taka ƙofar coci ba, balle ta ci Jibi.

Na miƙe, na ce wallahi gobe sai kowa ya ji. Ta kama zanena. Ta ce in dubi girman Allah kada in kunyata mata ɗa, shi kaɗai gare ta, kuma mutum ne da ake ganin girmansa a gari. Ita ba rumfar ta dame ta ba, ta kwana a wuraren da ba su kai ta ba. Abu ɗaya take so in roƙar mata. Da za su taho, Faston Nguru ya ba ta katinta na Jibi da takardar da za ta kai wa sabuwar ikkilisiya, Habila ya karɓa ya ce zai miƙa. Shekara arba'in da bakwai ba ta taɓa fashin Jibi ba sai a gidan ɗanta. Ta ce tana jin jikinta, kwanakin ba su da yawa, tana so ta ci ko sau ɗaya ne kafin Ubangiji ya kira ta.

Na yi mata alkawarin yin shiru. Na ɗauki tire na fita, kuma washegari na ci gurasar nan tare da kowa.

Ranar Talata bayan an tashi makaranta na sami Dattijo a injinsa. Ya ganni ya washe baki, ya sa aka kawo mini kujera. Da na ambaci Inna sai fuskar ta canza. Ya ce ashe na gane ta. Ya ce ai katin yana nan cikin jakarsa, hidima ce ta yi masa yawa, amma wata mai zuwa in Allah ya yarda. Na ce to, na gode. Wata ya zo ya wuce. Na koma, ya ce yanzu zafi ya yi yawa, tsohuwa ba za ta iya zaman sujadar awa uku ba, a bari ruwa ya sauka. Ruwa ya sauka, ya ce hanyar coci ta caɓe, ƙafarta kuma ba ta son laima. A zuwa na huɗu ya buɗe jakar a gabana, ya zazzage takardu, ya ce ikon Allah, katin ya yi ƙafa, sai dai in ya sami zuwa Nguru ya karɓo wani. Mutumin da ke kai shinkafa kasuwar Nguru duk mako ne yake gaya mini haka, ko ƙifta ido bai yi ba.

Maman Ƙauna ita ba ta ɓata lokacinta wajen kwana-kwana ba. Ta kira ni ɗakinta, ta ba ni kunun aya mai sanyi, ta ce in saurara da kyau tunda ni yarinya ce. Mutanen garin nan ba kamar na Nguru ba ne. Ran da suka ga hannun nan suka ji cewa shi ke taɓa gurasa, rabin coci ba za su ƙara cin Jibi ba, to zunubin wannan a kan wa? Ga 'yarsu Ƙauna kuma an fara maganar aurenta, dangin yaron masu bincike ne, in suka ji akwai ciwon nan a jini shi ke nan. Na ce ciwon ba ya bin jini, kuma an warke tun ba a haifi mijinta ba. Ta ce ni na sani, ita ma ta sani, amma wa zai bi gari gida-gida yana bayani? Na ce to tunda hannun abin ƙyama ne, me ya sa ita ba za ta gasa gurasar da nata ba? Ta ce ai taimakon tsohuwar take yi, in ba ta da abin yi tunani zai kashe ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da Dattijo ya ɗauko mini wa'azi. Na matsa masa, ya gyara zama kamar yana kan mumbari.

"Malama, ke fa mai ilimi ce. Ceto a cikin kofi yake? Ta wurin bangaskiya aka cece mu, ba ta wurin ayyuka ba. Tsohuwar nan ta ba da gaskiya, ko ta ci Jibi ko ba ta ci ba sama za ta. To me ake ɗaga hankali?"

"In haka ne, Yaya Habila, kai ma ka bari mana tunda an cece ka."

Ya ce ya lura bakina ya fara tsawo, kuma a Gashuwa Dattijo ake ce masa.

Maganar gaskiya ce ya ɗauka ya yi murfi da ita. Ni ma na san ba kofi ke ceto ba, Inna ta fi mu sani, ita ta koya mana. Amma ban taɓa jin inda aka ce wanda aka cece shi kyauta ya sami lasisin ɓoye uwarsa a bayan buhun dusa ba. Na dawo gida ina ta tsara amsoshin da ya kamata in ba shi, ga su nan masu kyau, sai dai duk a hanya suka zo mini.

Ana cikin haka hannun Inna ya ƙone. Irin ciwon da ta yi yana kashe jin zafi a yatsu da tafin ƙafa, shi ya sa a Nguru ba ma barinta kusa da wuta. Wata Asabar tana gasa gurasa, gefen hannunta ya kwanta a kan kasko ba ta sani ba, sai da ta ji ƙauri. Bayan sati biyu ta taka garwashi da ƙafar hagu. Na hannun ya warke, na ƙafar ya zama gyambo. Na ce a kai ta asibiti. Dattijo ya ce ma'aikatan jinya biyu 'yan cocinmu ne, za su yi ta tambaye-tambaye, kuma shi ya san wani mai kemis da ya fi likita. Aka kawo jan magani da bandeji da ƙwayoyi a ƙullin leda. Ni ke zuwa bayan makaranta in wanke ciwon. Kullum in na kwance bandejin sai in ga ramin ya ƙara faɗi, warinsa kuma har ya fi na dusar da ruwa ya taɓa.

Duk ranar Lahadi za su fito tsaf, Dattijo da babbar riga, Maman Ƙauna da ankon zumunta, su ja ƙofar gida su sa kwaɗo ta waje, wai saboda ɓarayi. Cocin ba shi da nisa, in iska ta juyo ana jin waƙa daga rumfar. Inna ta ce tana bin su baiti-baiti, in an zo wajen Jibi kuma ta san lokacin, don shirun da ake yi. Sai ta sunkuyar da kai ita ma ta binciki zuciyarta kamar yadda ake yi, ta gama, ta ɗago, babu mai miƙo mata komai.

Bayan katangar rumfar gidan Ya Fanna ne, wata Babarbariya mai sayar da bandar kifi. Ita ke miƙo wa Inna kunu ta saman katanga ran Lahadi, don sau da yawa a gaggawar fita sujada mantawa ake yi da abincin tsohuwa. Wata rana na fito daga wankin ciwo ta tare ni a lungu. Ta ce ita fa ta daɗe da ganewa, don goshin mai gidan da na tsohuwar ɗaya ne, kuma ta taɓa jin tsohuwar tana yi masa addu'a da sunan yarinta.

"Malama, ni ban san addininku ba," in ji ta. "Amma kullum ina jin ku da safe kuna waƙa a gidan nan, har da tafi. Wanda kuke yi wa waƙar, bai san da rumfar ba ne?"

Na ce Ya Fanna sai haƙuri, na wuce kamar ni aka kama da laifin, kuma in an bi gaskiya da ni a ciki. In na je Nguru hutun ƙarshen mako tsofaffi na tambayata Afiniki, ni da bakina nake cewa tana lafiya, tana gaishe su.

Watan da ya biyo baya Inna ba ta iya tashi ba. A karon farko aka raba burodin kanti a wajen Jibi, Maman Ƙauna ta yi bayani cewa fulawar bana ba ta da kyau. Zazzaɓi ya kama Inna, ƙafar ta kumbura har gwiwa, abinci in ta ci cokali uku ta yi ƙoƙari. Amma duk ranar da na shigo, tambayar farko ita ce, an ga katin? Rannan ta ce in duba mata kwanan wata. Na ce saura kwana tara Lahadin farko. Ta ce ba ta jin za ta kai.

Daga nan na wuce gidan Fasto Yunana, shugaban ikkilisiyarmu, mutum mai sanyin hali wanda bai cika shekara da zuwa garin ba. A hanya na yi niyyar faɗa masa komai. Da na zauna a gabansa sai na tuna alkawarin da na yi, na tuna kuma, in faɗi gaskiya, cewa ni baƙuwa ce a cocin nan, Maman Ƙauna ce ta samo mini ɗakin da nake ciki. Sai na yanko rabin magana na ba shi. Na ce tsohuwar da ke gidan Dattijo mai bi ce, an yi mata baftisma, tana kwance rai a hannun Allah, tana roƙon Jibi. Ya yi mamaki, ya ce shi ya ɗauka ba Kirista ba ce tunda bai taɓa ganinta a sujada ba. Ya kira Dattijo a waya a gabana. Ina jin muryar Dattijo yana cewa matsalar kati ce. Fasto ya ce wanda ke kan gadon ciwo ba a tambayarsa kati, shaidar bakinsa ta isa, zai zo ranar Laraba da la'asar.

Ranar Laraba na tarar da gidan kamar za a karɓi baƙin biki. An ɗauko Inna daga rumfa an kwantar da ita a ɗakin baƙi kan katifa, an ɗaura mata sabon zane, an kunna turaren wuta don warin ƙafar. An ja bargo har wuyanta, da zafin nan, aka cusa hannayenta a ƙarƙashi. Maman Ƙauna ta zauna a gefenta tana yi mata fifita. Dattijo ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, waya a hannu.

Fasto ya zauna a ƙasa kusa da kanta. Ya tambaye ta ko ta san wanda ya cece ta. Ta ba shi amsa da murya ƙarama amma sarai, har ta gaya masa shekarar da aka yi mata baftisma da sunan kogin. Ya buɗe 'yar jakarsa, ya fito da gurasa da kofi ɗaya, ya yi addu'a. Idon Inna na kan kofin. Ni kuwa hawaye nake, ina cewa a raina to Alhamdu, yau dai an gama. Sai ya faɗi abin da ake faɗa kullum kafin a ci, cewa kowa ya binciki kansa tukuna, in yana riƙe da wani a zuciya ya saki, kada ya ci wa kansa hukunci. Sau ɗari na ji maganar nan, kuma abin da na saba gani shi ne a sunkuyar da kai na minti ɗaya a ɗago.

Inna ta rufe ido ta daɗe. Da ta buɗe sai ta kawar da kai daga kofin.

"Fasto, ba zan iya ba. Akwai wanda nake riƙe da shi."

"Wane ne, Mama? Ki sake shi yanzu a gaban Ubangiji, ya isa."

"Na gwada. Ba zan yi wa Yesu ƙarya a kan gurasarsa ba. Mutumin yana jina. In ya matso ya kira ni da sunan da yake kirana yana yaro, sau ɗaya, na yafe duka, sai in ci."

Fifitar Maman Ƙauna ta tsaya. Fasto ya dubi kowannenmu, ya tambaya ko akwai wanda ya san abin da take nufi. Maman Ƙauna ta ce zazzaɓi ne, tun jiya take sambatu, wataƙila wani nata na can ƙauye take gani. Na dubi Dattijo. Taku uku ne tsakaninsa da katifar, kalma ɗaya ake nema a bakinsa, kalmar da jariri ma ke iya faɗa. Sai ya ɗaga wayar ya duba, wayar da ba ta yi ƙara ba, ya ce a yi masa afuwa, bel ɗin inji ya tsinke, mutane na jira da shinkafarsu. Muna ji ya tada babur.

Fasto ya juyo gare ni. "Malama Lai'atu, ke kike jinyarta. Kin san wanda take magana?"

Inna ta dube ni ta girgiza kai kaɗan. Na ce ban sani ba.

Ya zauna kusan awa guda yana lallashinta, yana cewa Allah ya san raunin mutum. Ta ce ta sani, shi ya sa ba za ta yi masa wayo ba. Daga ƙarshe ya yi mata addu'a, ya mai da gurasar da kofin cikin jaka, ya ce duk lokacin da ta shirya a kira shi ko ina yake. Ƙurar mashin ɗinsa ba ta kwanta ba aka kwance sabon zanen, aka mai da ita rumfa, don wai warin zai kama katifa.

Na bi ta can ina faɗa. Na ce Inna me ya sa, abin da kika yi shekara biyu kina jira ya zo har bakinki? Mutane nawa ke ci da ƙulli a zuciya ba abin da ya same su? Ta ce ita ba ta san na mutane ba.

"Kullum da safe ina yafe masa, 'yata. Kafin la'asar sai in ji ya wuce ta ƙofar kicin yana cewa an ba tsohuwar nan abinci, sai abin ya dawo sabo. Ni na goye shi da hannun nan."

Ranar Alhamis na je injin sau biyu, aka ce Dattijo ya tafi Jakusko sayen shinkafa. Ranar Juma'a da hantsi ina cikin aji Ya Fanna ta aiko a kira ni. Ita ce ta leƙa ta katanga da kwanon kunu, ta yi ta magana ba amsa, ashe Inna ta cika.

Dattijo ya gaya wa Fasto kada a wahalar da ikkilisiya, tsohuwar tana da 'yan uwa a Nguru, shi zai kai musu gawar kawai. Ranar Asabar aka ɗauke ta, na bi motar. A Nguru coci ya cika har waje, tsofaffin da ta yi wa unguwarzoma da yaran da ta koya wa waƙa duk sun zo. A can Habila ya zama ɗa. Ya tsaya a bakin kabari yana kuka da majina, yana cewa Innata, Innata, har sai da aka riƙe shi. Na ƙirga, sau shida ya faɗa. Kukan kuma na gaske ne, wannan ne abin da ya fi ba ni haushi. Ashe kalmar tana nan a bakinsa, wurin faɗinta yake zaɓa.

Washegari Lahadin farko ce. A cocinmu na Gashuwa magatakarda ya karanta sanarwa: tsohuwar nan marar galihu da gidan Dattijo Habila suka riƙe shekara biyu ta rasu, ikkilisiya na gode musu da wannan misali na ƙauna, Allah ya sa mu yi koyi. Jama'a suka ce amin. Maman Ƙauna ta share ido da bakin gyale.

Aka zo Jibi. Fasto ya ce kowa ya binciki kansa, muka sunkuyar da kai. A karon farko a rayuwata na bincika da gaske, kuma abin da na tarar bai yi mini daɗi ba. Wata takwas ina cin gurasar da na san wanda ya gasa. Na yi wa tsofaffin Nguru ƙarya, na yi wa Fasto ƙarya a gaban mai mutuwa, na sa wa tsorona suna cika alkawari. Muna son a ce an cece mu, kuma gaskiya ne an cece mu, amma mun mai da binciken kai kamar wanke hannu kafin cin tuwo, a tsoma a fitar. Mace ɗaya na taɓa gani ta ɗauki maganar nan da nauyinta, ita ce kuma ta mutu ba ta ci ba. Mu da muka hana ta ga mu nan a jere da ankonmu muna jiran tire.

Tiren ya iso bencinmu, Dattijo ne ke riƙe da shi. Na miƙe tsaye. Ban ɗaga murya ba, amma a shirun Jibi ko tari aka yi kowa na ji.

"Yaya Habila, ya haƙurin rashin Inna? Allah ya ba ka haƙurin mahaifiyarka."

Kofunan suka yi 'yar ƙara a kan tiren. Kawuna suka ɗago, benci bayan benci, har zuwa gaba inda Fasto yake tsaye. Ta'aziyya dai dole a amsa ta, kowa na jira ya ji me zai ce. Ya dube ni, gumi na bin goshinsa.

"Malama, ɗauki mana," in ji shi a hankali. "Mutane na jira."

Ban ɗauka ba. Ya wuce zuwa wadda ke kusa da ni. Wasu suka ɗauka, wasu suka naɗe hannu, ya dai gama zagayensa har bencin ƙarshe, ya koma gaba.

A al'adarmu dattawa su ke ci daga ƙarshe, Fasto ke ba su da hannunsa. Fasto Yunana ya karɓi tiren, ya ba na farko, ya ba na biyu. Da ya zo kan Dattijo Habila sai ya tsaya, bai miƙa ba, bai kuma janye ba. Ya tambaye shi, a hankali amma mun ji, ko yana bukatar ɗan lokaci tukuna. Har a lokacin, Allah ya sani, ina fata ya ce e.

Dattijo ya miƙa hannu ya ɗauki kofin, ya shanye, ya ciro hankici ya goge bakinsa.